Da Hedifon a Kunne, Daga Makera Zuwa Tema

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni, wanda ya kawo keken ɗinki gyara ma sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Malam Isiyaku, yaya ƙasar take?" Wasu kuma ba Ganar ce ta dame su ba, wannan baƙin abin da suke gani na rataya a wuya ne suke son jin labarinsa. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sanda na faɗa sai na tsallake wani wuri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Shekara goma sha tara na yi a sashen saƙa a Kakuri, har ranar da muka je muka tarar an sa kwaɗo a ƙofa. Yanzu ina gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago a bakin titi a Makera.

A masaƙa layinmu ɗaya da wani abokina Bulus, mutumin wajen Zonkwa. A gidan haya ma bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. In azumi ya zo shi yake riƙe min injina in je in sha ruwa, in Kirsimeti ta zo ni nake karɓar masa aiki ya tafi ƙauye. Da gari ya rikice, kowa ya fara komawa inda nasa suka fi yawa, Bulus ma ya haɗa kayansa. Ranar da zai tashi ina cikin ɗaki, ina jin ana fitar da gadonsa, ina jin muryarsa yana cewa a yi a hankali da madubi. Ban fito ba. Tsoro ne ko kunya, har yau ban tantance ba. Bayan masaƙa ta mutu sai na ji an ce ya sami aiki a wata masaƙar a Gana. Daga nan shiru, shekara ashirin da wani abu.

Ana dab da ɗaukewar damina ina shago sai ga kira da baƙuwar lamba. Mace ce, tana Turanci da sauri, ban kama komai ba sai sunan Bulus. Sai ta miƙa wa wani namiji mai wata irin Hausa, ya ce shi maƙwabcinsu ne a Tema, wannan kuma Esi ce, matar Bulus. Lambata a wurin wani tsohon ma'aikacinmu suka samu bayan sun sha nema. Ya ce Bulus ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya farfaɗo, amma Turancin da yake yi da matarsa ya gudu, yaren ƙasar da ya koya ma ya gudu, ba abin da ke fita bakinsa sai Hausa. Kuma magana ɗaya yake ta maimaitawa: "Isiyaku, riƙe min injina."

Na ajiye wayar, na daɗe ina kallon keken da ke gabana ban san wane noti nake kwancewa ba.

'Yata ta fari, Rabi, nas ce a Abuja. Ita ta yi ta zirga-zirga da ni har fasfo ya fito, aka yi min allura aka ba ni katin rigakafi. Ana saura kwana uku in tashi ta zo shago da wani kwali a jaka. Ta same ni da tsohon iyafis ɗina a kunne ina jin labarai. Wannan iyafis ya yi shekara shida a hannuna. Kunnen hagu ne kawai yake magana, shi ma sai na lanƙwasa wayar na ɗaure da salatif.

"Baba, wannan ya isa ritaya," in ji ta.

"Me ya yi miki? Ai yana magana."

"Da kunne ɗaya? Kwana biyu za ka yi a mota. Cire ka gwada wannan."

Ta fito da shi, hedifon ne baƙi, da soso mai laushi a kowane gefe, ba waya ko ɗaya a jikinsa. Na ce ina igiyar? Ta ce babu, ta iska yake haɗuwa da wayar. Ta ɗora min shi a kai, ta danna wani maɓalli a gefe. Sai na ji wata mata ta yi magana da Turanci a tsakiyar kaina. Na waiga baya. Rabi ta riƙe ciki tana dariya.

Sannan ta danna na biyun.

Shagona, kun san shi. Janaretan mai aski a dama, injin niƙa a hagu, tireloli na wucewa, masu keke na ta hon. Duk wannan sai ya ja baya lokaci ɗaya, kamar an rufe min ƙofa mai nauyi. Ina ganin hayaƙin janareta amma ba na jin sa. Kunnena ya yi dum, irin na wanda ya nutse a ruwa. Wallahi abin da ya fara zuwa min shi ne na kurumce, har na yi salati. Da na ɗan natsu kuma sai na ji wani abu da ban sa rai ba: wata siririyar ƙara a cikin kunnena, ziiii, ba ta yankewa. Na san ta. Ita ce wadda muke fita da ita daga ɗakin saƙa in an tashi aiki, mu taho da ita har gida. Ashe duk shekarun nan tana nan, hayaniyar titi ce ta rufe ta. Na zauna ina saurarenta, ina ganin layin injuna da ƙurar auduga na yawo a hasken taga. Rabi ta taɓa ni ta ce da hannu, yaya? Na cire na ce mata yana da kyau, Allah ya yi albarka. Ban gaya mata sauran ba.

Bayan sallar asuba muka tashi daga Kaduna a doguwar bas mai zuwa Legas. A jakata akwai tsarabar Bulus: acca mudu biyu, daddawa, kuka, citta da kilishi. Muna fita gari na sa hedifon, kuma a nan na gane aikinsa na gaskiya. Rurin injin mota, wanda ke shiga ƙashin mutum ya bar shi da ciwon kai, shi yake haɗiyewa gaba ɗaya. Na kunna karatu, sai ka ce ni da mai karatun ne kaɗai a ɗaki. Har jan numfashinsa ina ji, abin da tsohon iyafis bai taɓa jiyar da ni ba. Amma kada wani ya ruɗe ku cewa komai yake kashewa. Akwai jariri a bayana, kukansa ya ratsa soson nan kamar babu. Wani mai tallar magani da ya miƙe a tsakiyar mota kuwa, bakinsa kawai nake gani yana motsi, yana ɗaga kwalba yana nuna ƙugunsa, na gane maganin mene ne ba sai an faɗa ba.

Yana da nasa aibun. Ba ya shiri da hula. In ka ɗora shi a kan hula sai ya murƙushe ta, in ka cire hular kuma dattijo ya zauna kai ba komai cikin mutane. Na zaɓi murƙushewar. Kafin Lokoja kunnuwana sun yi gumi sharkaf, kuma ba dama ka jingina kai da taga ka yi gyangyaɗi, sai ya tokare ka. A Lokoja muka tsaya na ci shinkafa da soyayyen kifi, na tuna lokacin da mu ma'aikata kan yi hayar mota guda mu raka abokin aiki ɗaurin aure, a yi ta waƙa da tsokana har a isa. A wannan motar kuwa na duba, kusan kowa da abu a kunne, kowa da duniyarsa. Har da ni.

A Agege na kwana, a gidan wani mai masaukin 'yan goro da aka haɗa ni da shi. Ɗaki ɗaya, tabarmi a jere, mu bakwai. Da safe aka kawo koko da ƙosai, wani dattijo Basakkwace ya ga na zare hedifon daga caji ya ce, "Malam matuƙin jirgi ne?" Na ba shi ya gwada. Ya yi minti ɗaya ya fizge ya miƙo min, ya ce wannan ai sai a sace maka takalmi kana kallo. Na yi dariya. Da na san abin da ke gabana da ban yi ba.

Motar Gana ƙarama ce, mu goma sha huɗu. Kusa da ni wata mata ce mai jiki, da gilashi da jakunkuna har kan cinya. Tun da muka zauna na sa hedifon saboda hayaniyar Legas ba irin tamu ba ce, ita har cikin haƙori ake jin ta. Na ga matar tana juyowa tana yi min magana, na ɗauka Yarbanci take yi ko Turanci, sai in gyaɗa kai in yi murmushi. Sau uku ko huɗu. Daga baya ta daina.

A iyakar Seme, inda ake fita daga Najeriya, kowa ya sauka da fasfonsa. Aka duba katin rigakafi, aka buga hatimi a wannan ɓangare, muka taka da ƙafa aka buga a wancan. Ni na riga kowa gamawa, don ba ni da kaya sai jakar da na bari a mota. Direba ya ce a jira shi a gefen wasu rumfuna. Wurin ya cika da 'yan canji da 'yan acaɓa da masu talla, kowa na kira da yare uku. Na yi sallar azahar a wata rumfa, na sami benci a inuwa, na ce bari in ɗan huta da wannan hayaniya. Na sa hedifon, na kunna karatu, na lumshe ido.

Da surar ta ƙare na buɗe ido. Inda motarmu take, wata motar ce daban ana loda mata buhunan shinkafa.

Na fizge hedifon, hayaniyar ta faɗo min a ka kamar an juye kwandon kwanuka. Na zagaya rumfunan sau biyu. Na tambayi wani da Hausa, ya amsa da Faransanci. Na tambayi wani da Turancin masaƙa, ya nuna min hanya da leɓe ya ce ta tafi. Lambar direba ban karɓa ba. Layin wayata ma ya daina aiki tun da muka tsallaka. Ba kayan sawana na fara tunawa ba, accar nan na tuna, da Bulus yana zaune yana jira, da yadda na taɓa barinsa ya tafi ban fito ba. Na ce yau ma ga shi na sake zama a wuri ɗaya an tafi. Na koma bencin na zauna.

Ban san minti nawa na yi ba. Sai ga wani ɗan acaɓa mai rigar rawaya ya taho a guje ya ci burki a gabana, a bayansa matar nan mai gilashi, ɗankwalinta ya zame. Ta buɗe baki da Hausa tsantsa, Hausar Kaduna:

"Baba! Kai ne za ka kashe ni yau? Mun yi hon, mun yi kira, kwandasta ya zagaya har sau biyu! Hau mu tafi, abeg!"

Muka hau mu biyu, ni a can baya ina riƙe da ƙarfe. Motar na tsaye a wani gidan mai, fasinjoji sun fito suna huci. Ashe da direba ya ƙirga ya ga saura ɗaya ya ce shi ba zai kwana a boda ba, ya ja mota. Ita ce ta yi ta buga rufin motar da tafin hannu har ya tsaya, ta ce in bai jira ba ta zauna a bakin ƙofa ba mai rufewa. Direban ya dube ni ya dubi abin wuyana ya ce, "Baba, na dis tin go kill you." Wato abin nan ne zai kashe ni, kuma gaskiyarsa ce.

Sunanta Rifkatu, mutuniyar Filato ce, amma a Trikania take zaune shekara da shekaru, tana sarin atamfa da sarƙoƙi tsakanin Akara da Kaduna. Ta ce tun a tasha ta ga hulata da ledar wani kanti na Kakuri a hannuna ta gane ɗan gida ne.

"Na ce maka sannu Baba, ka gyaɗa kai. Na ce daga Kaduna ne, ka gyaɗa kai. Na ce ko ba ka da lafiya ne, ka gyaɗa kai kana murmushi. Na ce to, Allah ya sawwaƙe."

Kunya ta kama ni. Na naɗe hedifon na tura shi ƙasan jaka, bai sake fitowa ba har Tema. Kuma hirar da muka yi daga nan ta fi min duk shirun da na sha. Ta san masaƙa, babanta ya yi gadi a can. Muka yi ta lissafa Kakurin da: jiniyar canjin aiki da ake ji har Unguwar Mu'azu, kekuna ɗaruruwa suna fitowa lokaci ɗaya har mota ba ta iya ratsawa, ranar albashi da kasuwa ke ci har magariba.

Kwatano garin babura ne, sun fi na Kaduna kafin a hana acaɓa, kuma mata ma na tuƙa nasu da jaka a kafaɗa. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin hanya. Rifkatu ta saya min wani burodi dogo kamar sanda, bayansa da tauri cikinsa iska, an tsaga an zuba wake da mai. Togo kuwa, na rantse ban gama sakace haƙori daga burodin nan ba aka ce a fito da fasfo, mun zo ƙarshenta. A nan agogo ya koma baya da awa ɗaya, na yi ta duban rana ina duban waya ina rigima da kaina a kan lokacin la'asar. A iyakar Aflawo, ta shiga Gana, Rifkatu ta riƙe hannun rigata kamar ɗan makaranta har muka koma mota.

Bayan isha'i aka sauke ni a Tema. Esi na jira a tasha, gajeriyar mace mai furfura, ta karɓi jakata ta ɗora a ka duk da na hana. A gida ba ta kai ni wurin Bulus kai tsaye ba. Aka zaunar da ni a falo, aka kawo ruwa, sai da na sha sannan maƙwabcin nan, Alhaji Musa, ya ce al'adarsu ce a tambayi baƙo abin da ke tafe da shi, ko da an sani. Na ce na zo duba ɗan'uwana. Suka ce sun ji, sun karɓa. Hausar Alhaji Musa irin ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "Matarka yana lafiya? Esi ya dafa maka abinci." Da farko na yi ta neman namijin da ake nufi. A ɗakin da aka ba ni na tarar da sabuwar buta da sabuwar tabarma, an shimfiɗa ta tana kallon gabas daidai. Esi ce ta je ta tambayo.

Sannan ta buɗe ƙofar ɗakin Bulus.

Yana zaune a kujera kusa da taga, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Bulus da ke ɗaga bandir ɗin yadi shi kaɗai ya zama ɗan tsurut. Ya dube ni ya daɗe. Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da maganar kafin ta fito.

"Ka makara. An busa jiniya tun ɗazu."

Na durƙusa na riƙe hannunsa mai lafiyar. Duk abin da na shirya a hanya ya watse, sai na ji bakina na cewa, "Bulus, ranar da ka tashi ina cikin ɗaki."

"Na sani," ya ce a hankali. "Na ga takalmanka a ƙofa."

"Me ya hana ka ƙwanƙwasa?"

"Ni ma tsoron nake ji."

Esi na tsaye a bakin ƙofa, ba ta jin ko kalma ɗaya, hawaye na zuba.

Kwana biyar na yi. Da safe Alhaji Musa kan aiko da koko da ƙosai, wanda a can kokon Hausa suke ce masa, ya fi namu yaji. Na ci shinkafa da wake da suke dafawa da karan dawa har ta yi ja, sunanta ma daga kalmarmu ta wake suka ara. Na ci wani dunƙulen masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, da kifi da baƙin yaji, ranar farko na sha wuya, ranar uku na nemi ƙari. Abin da ya fi ba ni mamaki jana'izarsu. Mu a binne kafin la'asar, su a ajiye mamaci wata guda ana shiri, a manna hotonsa a bango kamar ɗan takara, a yi anko, a yi kiɗa. Alhaji Musa ya nuna min shagon da ake sassaƙa akwatin gawa mai siffar kifi, na masunta. Na ce kowa da yadda yake rakiyar nasa.

Gidan Bulus kuwa yana tsakanin masu walda da wata majami'a mai lasifika, ga manyan motocin tashar jirgin ruwa na wucewa. Rana ta biyu na ga yana yamutsa fuska duk sanda aka kunna injin yankan ƙarfe. Na ce ga inda abin nan zai yi amfani. Na ɗauko hedifon na ɗora masa, na danna maɓallin. Idonsa ya buɗe, sannan ya lumshe. Ya ce, "An ɗauke wuta." Haka ɗakin saƙa yake yi in wuta ta tafi, injuna ɗari su tsaya tare, mu tsaya muna kallon juna muna dariya ba dalili. Na yanke a raina zan bar masa shi, in na koma in ba Rabi haƙuri. Amma bai yi minti biyu ba ya kai hannun hagu ya ture shi.

"Cire. Wata huɗu ina cikin shiru. Magana nake so."

Sai muka yi magana. Muka bi layin injuna ɗaya bayan ɗaya, wa ke kan wanne, wane foman ne mugu, wane ne ke barci a bayan bandir. Na koya wa Esi wanke acca har yashin ya fita, muka yi masa gwate, ya ci da hannun hagu yana zubarwa yana cewa gishiri bai ji ba. Wani aikin da ban zata ba kuma shi ne tafinta tsakanin miji da mata. Rana ta huɗu ya ce, "Gaya mata na san sunanta. Yana nan, fitowa ne ba ya yi. Gaya mata ina ganin duk abin da take yi." Na haɗa da guntun Turancina na faɗa. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a gwiwarsa. Na fita waje na tsaya ina kallon masu walda. Kafin in taho na rubuta mata kalmomin Hausa cike da shafi biyu, ruwa, zafi, sannu, na gode, ina zuwa, ta manna a bangon kicin.

Ranar da zan tafi ya ce in ɗauki muryarsa a waya in kai gaisuwa gida. Ya fara kiran sunaye. Na farko ya rasu, na gaya masa. Na biyu ma. A na huɗu na daina faɗa, shi ma ya daina tambaya. Sai ya ce, "Mama Asabe fa?" Wata mata ce da ke sayar da doya da miya a ƙofar masaƙa, duk wanda ya yi aiki a can ya ci daga tukunyarta, kuma duk 'ya'yanta ne, Musulmi da Kirista, ta zage ka ta ƙara maka nama. Na ce ban sani ba, amma zan nema. Ya yi mata saƙo na minti ɗaya da rabi, ya sha wuya kafin ya kai ƙarshe.

Dawowa ba wani labari, sai dai a kowace iyaka hedifon na cikin jaka, idona na kan direba. Da na huta kwana biyu na kira Rifkatu, ta ce ai Mama Asabe na nan da rai, layi uku ne tsakaninsu a Trikania. Ran Lahadi bayan sun taso daga coci ta raka ni.

Mun same ta a ƙofar gida a kan kujera 'yar tsugunno, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi hazo. Na faɗi sunana ba ta gane ba, sai da na ce na layin Bulus. Na kunna saƙon a waya, amma ga injin markaɗe a maƙwabta, ga kunnen tsufa, ta ce ba ta jin komai. Sai na ɗora mata hedifon a kan ɗankwali na sake kunnawa.

Ta kai hannu biyu ta dafe sosunan. Can sai ta ɗaga murya, da ƙarfi har mutanen layi suka waigo, don ba ta jin kanta:

"Bulus! Kai Bulus! Ina ka shiga?"

Rifkatu ta matso za ta ce mata ɗauka ce aka yi, ba ya jin ta. Na riƙe ta. Na ciro wayar na danna ɗaukar murya.

"Muryarka ta rame," in ji Mama Asabe, tana kallon wani wuri sama da kanmu. "Ba ka cin abinci ko? Tun da can haka kake, sai an bi ka da kwano. Ka ci, ka ji? Ka ce wa matarka ta sa maka manja da yawa. Mu muna nan. Ba mu da yawa, amma muna nan."

A wurin na tura wa Esi. Kafin mu kai bakin titi amsa ta shigo, daƙiƙa tara. Ba magana a ciki, Bulus ne yake dariya, a bayansa kuma muryar Esi tana cewa da sabuwar Hausarta, "Sannu, sannu. Ci."